Na ga kayan da nake sara a intanet da araha sosai, in kwashe jarina in yi oda da kaina?

Mai_Ƙaramin_Shago:

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah waɗanda suka san harkar sari da oda ku taimaka min da shawara. Ina da ɗan shago ina sayar da kayan waya, caja da kebul da iyafis da rigar waya da gilashin sikirin, sai 'yan fitilu masu caji da fawa bank. Tun da na buɗe wajen dila ɗaya nake sari, mutumin kirki ne gaskiya, wani lokaci ma yana ba ni kaya in na sayar in kawo masa kuɗi. To sai wani abokina ya nuna min irin kayan nan sak a shafukan sari na Caina, Alibaba da 1688, wallahi wani kebul ɗin farashin da na gani bai kai rabin abin da nake sara ba, wani ma kashi ɗaya cikin uku, tun daga ranar zuciyata ta kasa kwanciya, gani nake kamar dilan nan nake yi wa aiki.

Tambayata biyu ce. Shin in tattara ɗan jarina in yi oda da kaina daga Caina, in haka ne ta ina ake farawa kuma me zan kiyaye? Na biyu kuma, ina ciniki kullum alhamdulillahi shagon ba ya zama shiru, amma in wata ya ƙare ban ganin kuɗi, kaya dai ga su a kanta amma aljihu wayam. Araha wajen sari ce za ta gyara wannan ko wani abu ne daban? Na gode.

Tsohon_Ɗan_Sari:

Wa alaikumus salam ɗana. Wannan farashin da ya hana ka barci ba shi ne kuɗin kayan ba, kuɗinsu ne a bakin ƙofar masana'anta, kuma galibi ga wanda zai ɗauki dubbai. Ka koma ka duba da kyau za ka ga an rubuta MOQ a gefe, wato mafi ƙarancin adadin da za su yarda su sayar maka, kuma farashin hawa-hawa ne, mai ɗaukar 100 daban, mai 1,000 daban, mai 10,000 daban. Wanda suke sakawa da manyan lambobi don ya ja ido na mai dubu goman ne.

Sai ka tambayi mai kayan a kan wane sharaɗi ya ba ka farashin. Akwai ƙa'idojin ciniki tsakanin ƙasashe da ake kira Incoterms, ƙungiyar 'yan kasuwa ta duniya da ke Faris ce take fitar da su tun 1936, na baya-bayan nan na 2020 ne, guda 11. Ba sai ka haddace duka ba. In ya ce EXW to kayan na sitonsa ne, daga nan komai a wuyanka yake har motar da za ta kai su tasha. In ya ce FOB shi zai kai su har cikin jirgin ruwa a ƙasarsu, daga nan kai ne. CIF ya biya jirgi da inshora har tashar ƙasarka amma kuɗin fito da awon kaya da fitar da su daga tasha naka ne, mutane da yawa a nan suke ruɗewa su ɗauka an gama biya. DDP ne kawai ake kawo maka har ƙofa an biya kwastam, shi kuma farashinsa in ka ji za ka ga arahar ta fara zirarewa.

Yanzu lissafin dako, nan ne sabon shiga yake shan mamaki. Jirgin sama ba nauyi kaɗai yake caja ba, har girman katan. Ka auna tsawo da faɗi da tsayi da santimita ka ninka su, ka raba da 6,000, kamfanonin aika saƙo na gaggawa kuma da 5,000 suke rabawa. Katan mai 60 da 40 da 40 ya ba ka 96,000, raba da 6,000 ya zama kilo 16. Ko da a sikeli kilo 9 ne, kuɗin kilo 16 za ka biya, duk wanda ya fi yawa shi suke ɗauka. Shi ya sa fitilun nan naka masu kwali fanko-fanko za su cinye ka a sama, kebul da gilashi kuwa ƙanana ne masu tsada a kilo, su sun fi jure wa kuɗin jirgi. Na ruwa kuma da CBM ake yi, wato mita ɗaya tsawo ɗaya faɗi ɗaya tsayi, katan ɗin da na faɗa 0.096 ne, goma da 'yan kai ne za su cika CBM ɗaya. Kwantena mai ƙafa 20 a takarda wajen 33 take ci amma a lodi na gaskiya da wuya ka wuce 28. Kai ba kwantena za ka cika ba, haɗa ka za a yi da kayan wasu, kuma ba ta tashi sai ta cika, to jiranka ya ƙaru.

Ka ɗora kamashon ejan da zai karɓi kayan a can ya turo maka, da asarar canjin kuɗi zuwa dala ko yuwan, da cajin banki, da kuɗin fito wanda ya danganta da lambar HS ta kayanka, wato lambar da kwastam suke tantance nau'in kaya da ita, da motar da za ta kawo maka shago, da waɗanda za su zo a fashe ko ba sa aiki wanda ba ka da wanda za ka mayar wa. Duk ka haɗa ka raba da adadin kayan da suka iso lafiya, ba adadin da ka yi oda ba. Abin da ya fito shi za ka ajiye kusa da farashin dilanka. Wani lokaci za ka ga akwai riba mai kyau a tsakani, ban ce babu ba, da babu da ba mu daɗe a ciki ba, amma sau da yawa rabin nan da ka gani sai ya koma ɗan abin da bai kai wahalar ba.

Fawa bank kuma ka cire shi daga odar farko gaba ɗaya. Batirin litiyam a jerin kaya masu haɗari yake wajen jigila, ana neman takardun gwaji irin su UN38.3, layinsa daban kuɗinsa daban, wasu masu kagon ma ba sa karɓa.

Maman_Biyu:

Alhaji ya gama magana a kan dako, Allah ya ƙara girma. Ni tambayarka ta biyu ce ta fi damuna ƙanena, domin in ba ka warware ta ba ko kyauta aka ba ka kayan haka za ka ci gaba da ganin aljihu wayam.

Ƙaramin shago da juyin kuɗi yake rayuwa. A ce jarinka 100 ne, kana sari wajen dila kana samun 15 a kowane zagaye, kuma saboda yana kusa kana juya kuɗin sau 8 a shekara, ka ga 120 ke nan. Wani kuma ya yi oda yana cin 50 a zagaye, ana ta yi masa kallon mai wayo, amma daga ranar da ya tura kuɗi zuwa haɗa kaya zuwa ruwa zuwa tasha zuwa ya sayar da tulin da MOQ ta tilasta masa, sau 2 kawai ya juya, 100 ya samu. Waye ya fi? Kuma duk watannin da kuɗinsa ke kan ruwa haya ba ta tsaya ba, kantarsa ta yi ramuka, kastoma ya zo sau biyu an ce babu ya koma maƙwabci ya saba da can.

Wannan dilan da kake jin haushinsa, ka san me kake biya a wajensa? Shi ya ɗaure kuɗinsa wata da watanni, shi ya ɗauki asarar canji, shi yake ba ka dozin ɗaya na wannan rabin dozin na wancan, in caja ta ƙi aiki ka mayar ya canza, har bashi yake ba ka ba takarda. Wallahi kar ka yi wasa da mutumin da yake ba ka kaya sai ka sayar, wannan jari ne na biyu da ba ka biya masa komai.

Inda kuɗinka suke tafiya kuwa kusan na san su tun ban ga shagon ba. Ka ɗauki biro yau ka bi kanta ɗaya bayan ɗaya, duk abin da ya yi wata uku ba a taɓa shi ba ka yi masa alama. A kayan waya rigar waya da gilashi su ne sarakan kwantai, domin kowace da samfurin wayarta, waya ta wuce yayi rigarta ta mutu a hannunka, ga ta nan a rataye a leda ta yi ƙura rana ta dafa kalarta kai kuma kana lissafa ta a matsayin jari. Ba jari ba ce, ka karyar ko a uwar kuɗi ko ƙasa da haka ka sayo kebul ɗin da ake tambayarka kullum. Za ka tarar 'yan kaya kaɗan ne suke kawo yawancin cinikin, sauran ado ne.

Sai hannu a aljihun shago. Kati, abinci, wani ya zo da matsala, ka zara ka zara ba ka rubuta ba. Ka yanka wa kanka albashi ko yaya yake, in ya ƙare ya ƙare. Sai bashin 'yan uwa da abokai, wannan kam kowa ya san shi, littafi daban, kuma wanda bai biya na baya ba babu sabo, a yi fushin kwana biyu a huce.

Akwai kuma wani lissafi da yake yaudarar mutane. Ka saro a 100 ka sayar 125, kana cewa ribata kashi 25 ce. A kan uwar kuɗi haka ne, amma a cikin kuɗin da ya shigo akwatinka kashi 20 ne kawai naka, kuma daga ciki za a biya haya da wuta da leda da kuɗin mota. In kastoma ya matsa ka rage masa kashi 20 ka koma 100 cif, ka yi aikin banza har da asarar leda. Mutum ya yi irin wannan ragin sau biyar a rana yana murna an yi ciniki.

Ni shawarata kar ka taɓa jarin shago. In ka matsu sai ka gwada odar, ka tara daga riba, kuɗin da in sun maƙale wata huɗu shagon ba zai ji ba.

Ɗan_Oda:

Hajiya ina girmama maganarki kuma gaskiya ce, amma kar a tsorata shi da yawa mana, in kowa ya zauna wajen dila har abada ai ba mai girma, dilan shi ma da katan biyu ya fara. Yanzu ba sai ka hau jirgi ba kuma ba sai ka yi odar dubbai ba.

Ɗan'uwa ka fara gane bambancin wuraren biyu. Alibaba don masu saye daga waje aka yi shi, da Turanci, farashi da dala, masu kayan sun saba fitarwa waje, kuma akwai Trade Assurance wanda in ka biya ta cikin manhajar kaya ba su zo ba ko ba su dace da abin da aka rubuta ba kana da inda za ka kai ƙara. Ka lura, sai abin da aka rubuta a odar, to ka rubuta komai, tsawon kebul, kala, irin kai, irin kwali, ranar turawa. 1688 kuma shi ma na kamfanin Alibaba ne amma kasuwar cikin gida ce ta 'yan Caina, da yarensu, farashi da yuwan, ya fi araha kuma MOQ ɗinsa ƙanana ne, wani guda 2 ko 3 ma zai sayar maka, sai dai yawancinsu cikin Caina kawai suke turawa, shi ya sa ake bi ta ejan mai sito a can, shi zai biya, ya karɓi kaya daga shaguna daban-daban, ya haɗa katan ɗaya ya turo. Amfanin haka shi ne abin da Hajiya take tsoro na tulin kaya iri ɗaya ya ragu, kana iya ɗaukar 50 na wannan 30 na wancan.

Amma kayan 1688 don 'yan ƙasar aka yi su, wannan ka riƙe shi da kyau tunda caja kake sayarwa. Kan caja zai zo da ƙafa biyu masu faɗi irin na soket ɗinsu, kwali da takardar bayani duk da rubutunsu, in soket ɗin inda kake ba irin wannan ba ne ka sayi wahala. Kuma hoto ɗaya shaguna ashirin suke amfani da shi, kebul biyu a ido iri ɗaya sak, ka yanka ka ga ɗaya tagulla ce mai kauri ɗayan 'yan siraran zare kamar gashi, ya yi sati biyu ya daina caji, kastoma kuma fuskarka ya sani ba ta mai masana'anta ba. Araha ba ta ado. Shi ya sa sampul dole ne, daga shago biyu ko uku, ka biya kuɗin jirginsu ko da ya fi kuɗin kayan, ka yi amfani da su da wayarka, ka lanƙwasa, ka ja, ka ba mai gyaran waya ya auna. Wanda ka zaɓa ka ajiye guda ɗaya kar ka sayar, shi ne shaidarka in babbar oda ta zo daban.

Wajen biya, al'adar da aka fi yi da masana'anta ita ce kashi 30 kafin alƙalami, 70 in an gama kafin a tura, kuma kafin ka saki 70 ɗin a nuna maka kayan, hoto da bidiyo, a buɗe katan a ƙirga. Manyan masu oda suna ɗaukar kamfanonin duba kaya irin su SGS ko Intertek, kai ejanka ya isa in mai amana ne. Duk wanda ya ce ku fita daga manhaja ka tura kuɗi asusun mutum zai rage maka, ko aka turo maka imel rana tsaka cewa an canza asusun kamfani, tsaya cak, kira su ta lambar da ka saba ka tabbatar, da wannan dabarar ake kwashe kuɗin mutane sosai.

Lokaci ma ka duba. Sabuwar shekararsu tana faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, masana'antu suna rufewa makonni, ma'aikata su tafi garuruwansu, kafin hutun kuma ana rububin lodi dako ya yi tsada. Akwai wani hutun na mako guda daga 1 ga Oktoba. In Allah ya buɗa ka kai matsayin zuwa da ƙafarka, kayan waya da lantarki Huaqiangbei ne a Shenzhen, ƙananan kayan gida da tarkace Yiwu a lardin Zhejiang inda kasuwar take da shaguna sama da 70,000, sai baje kolin Canton a Guangzhou da ake yi tun 1957 sau biyu a shekara, Afrilu zuwa Mayu da Oktoba zuwa Nuwamba, amma wannan na gaba ne, kuɗin tikiti da otal kaɗai za su haɗiye ribar ƙaramar oda.

Tsohon_Ɗan_Sari:

Yaron nan ya san aikinsa. Abu ɗaya zan ƙara da ya tsallake, kar kwaɗayi ya sa ka ɗauko kaya masu tambarin manyan kamfanoni a farashin banza, caja an buga mata Samsung ko Apple alhali kowa ya san ba daga wajensu ta fito ba. Jabu ne, kwastam suna da ikon kamawa, kuma in a kwantenar haɗaka ne kayan bayin Allah da ba su ji ba su gani ba sai su maƙale tare da naka. Ka nemi mai kyau mara suna, ko sunan masana'antar kanta. Batun ejan kuma, a nan aka fi kuka, ba a wajen 'yan Caina ba. Kar ka ɗauko shi daga talla, ka nemi wanda wani da ka sani ido da ido ya karɓi kaya ta hannunsa ba sau ɗaya ba, ka tambaya tun farko nawa ne kilo, nawa ne CBM, da kuɗin fito a ciki ko babu, in kaya sun ɓace wa zai biya, a rubuce.

Mai_Ƙaramin_Shago:

Kai, Allah ya saka muku da alheri, Baba da Hajiya da Yaya Ɗan_Oda. Na bi kanta da biro kamar yadda Hajiya ta ce, rigunan wayar da suka kwanta sun ba ni tsoro, wasu wayoyin ma na daina ganinsu a hannun mutane. Abin da na yanke shi ne zan karyar da su, in gwada kebul kawai iri biyu da na san suna tafiya, sauran in ci gaba wajen dilana. Sai dai ina jin nauyi, in ya lura na daina ɗaukar kebul a wajensa fa? In gaya masa ne ko in yi shiru? Kuma guda nawa ya kamata in fara da su?

Maman_Biyu:

Ba sai ka je ka yi masa sanarwa ba, amma in ya tambaya kar ka yi ƙarya, ɗan kasuwa ne ya san haka ake yi, abin da zai ɓata ku shi ne ka riƙe kuɗinsa ka yi oda da su, to ka fara biyansa tas kafin ka tura ko sisi waje. Kuma kar ka yanke kebul ɗin gaba ɗaya daga wajensa, za ka buƙace shi ranar da naka suka ƙare sabbi ba su iso ba. Wata ƙila ma in ya ji ka san farashi ya sassauta maka, ko ya ce ka zuba naka a cikin lodinsa ka biya dako.

Adadi kuwa littafinka ne zai faɗa maka. Duba nawa kake sayarwa a sati, ninka da satuttukan da ejan ya ce kaya za su ɗauka kafin su iso, ka ƙara na sati biyu ko uku saboda ba su taɓa zuwa ranar da aka ce ba. In kana sayar da 20 a sati kuma an ce sati 4, wajen 120 zuwa 140 ke nan, ba 1,000 ba ko da an ce farashin 1,000 ya fi daɗi.

Ɗan_Oda:

Ka ce wa ejan ya cire kwalayen in kebul ɗin na cikin manyan kwali ne, a zuba su a leda, girman katan zai ragu sosai kuɗin jirgi ya sauka, in kana son kwalin don ado a turo shi a shimfiɗe ka naɗa da kanka a shago. Kuma ka tabbatar kan da ka zaɓa, yanzu Type-C ne ke tafiya, har iPhone daga 15 ta koma shi, kar ka cika oda da tsohon kai.